Juma'ar da Muka Danna Tare

Uwata nake ce wa 'yata, domin sunan mahaifiyata na sa mata, bakina kuwa bai iya kama sunan nan ba. A Anacha aka haife ta, a gidan hayar da ke bayan Kasuwar Relief inda nake sayar da wake da albasa. Tana jin Ibo kamar 'yar gari. Ni karatuna na allo ne, da ajami nake rubuta abin da ya dame ni, ita kuma Allah ya buɗa mata boko har ta yi karatun kwamfuta a Inugu.

Mijinta ya rasu a haɗarin mota, Allah ya jiƙansa. Da ta fita takaba ta dawo gidana da 'ya'yanta biyu. Mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya tun kafin haka, gidan ya daɗe shiru. Zuwansu ne ya sa na sake jin ƙamshin miyar kuka daga ƙofa. Ƙaramar jikata ta kan tare ni da yamma.

"Tsoho mai warin albasa, me ka kawo wa amaryarka?"

"Amaryar da ba ta da haƙoran gaba? Na fasa auren."

Yayan Uwata da ke Abuja bai bar mu mun huta ba. Kullum yana waya, ya ce ya samo mata aiki, ta tattaro yaran ta zo. Ita kuma ta ce masa in ta sami abin yi a nan, ba za ta bar ni ni kaɗai ba. Ban sa baki ba. Amma a sujada na san abin da nake roƙo.

Duk shekara idan babbar sallah ta gabato, tashar motocin arewa takan cika da samarinmu, masu turin baro da masu yankan farce da 'yan okada. Mutum zai bar aikin yini ya tsaya a layi cikin ruwan sama, ƙarshe a ce masa kujera ta ƙare. Uwata ta ce za ta iya yin shafin intanet da mutum zai kama kujerarsa daga wayarsa. Na kai maganar wurin sarkin tasha, wanda abokina ne tun muna samari. Dattawan ƙungiyar direbobi suka zauna, suka ce a gwada a wannan sallar. In abin ya yi kyau, za su riƙe ta aiki na dindindin, har su yi wa na Inugu da na Fatakwal magana.

Wata la'asar na dawo na tarar da ita ta zuba wa kwamfuta ido, tuwon yara na neman ƙonewa.

"Uwata, lafiya?"

"Baba, rumbun bayanai nake zaɓa. Wurin da shafin zai riƙa ajiye sunan kowa da kujerarsa. Iri biyu ne a gabana."

Ta yi mini bayani a hankali. Na farkon ƙarami ne, ba ya son ɗawainiya. Mutane da yawa za su iya duba shi a lokaci guda, amma mutum ɗaya yake rubuta wa kujera, sai ya gama na baya ya shigo, kamar famfon alwala guda. Na biyun babba ne, yana karɓar mutane da yawa tare, sai dai yana son kwamfutarsa ta daban da hayar wata-wata da mai kula da shi.

"To ki ɗauki babban mana."

"Dattawanku za su yarda da hayar abin da ba su ga amfaninsa ba tukuna? Kuma ƙaramin yana sallamar mutum kafin ƙiftawar ido. Matsalar kawai in an taru masa a ka."

Ba ta yanke shawara da ka ba. Ta sa hijabinta ta je tasha, ta zauna kusa da mai yanka tikiti tana kallon yadda jama'a ke zuwa. Ta ga suna zuwa jefi-jefi, wasu bayan asuba, wasu bayan azahar, wasu sai sun tashi kasuwa. Ta ce ko sun ninka haka sau da yawa, ƙaramin zai ɗauke su. Ta gwada shi da ƙawayenta da yaran maƙwabta, ya yi aiki lafiya.

Mu kuwa a nan, abin jama'a ba ya farawa sai da addu'a. Ko sabuwar mota aka sayo, sai an kawo ta ƙofar masallaci. Sarkin tasha ya aiko cewa ranar Juma'a za a sanar a masallaci. Ta ce madalla. A tunaninta za a faɗa, mutane su watse, kowa ya kama kujerarsa idan ya sami sarari. Masallacinmu ƙarami ne, sahun maza har kan titi yake kaiwa, shi ya sa matan unguwarmu a gida suke sallarsu. Uwata ba ta taɓa tsayawa cikin wannan taron ba.

Da aka sallame, mai sanarwa ya karɓi lasifika. Mutum ne mai son ƙara wa magana gishiri. Ya karanto adireshin shafin, ya maimaita, ya ce kowa ya buɗe ya riƙe. Sannan ya ce:

"Jama'a, kujeru kaɗan ne, wanda ya riga ya riga. Malam zai yi addu'a. Da an shafa, kowa ya danna, a shiga da albarka."

Liman ya yi doguwar addu'a, muka amsa da amin. Muka shafa tare, yadda muka saba, kamar hannu ɗaya. Hannuwan suna sauka daga fuska suka faɗa kan wayoyi. Ni wayata mai maɓalli ce, sai na tsaya da darduma a kafaɗa ina kallo. Raina fari ƙal a lokacin.

Na leƙa wayar wani mai turin baro da ke gefena, na ga wani ɗan zobe yana ta juyawa.

"E no dey open o," in ji wani daga baya da Turancin buroka, wai ba ta buɗewa.

"Sake dannawa, wayarka ce ta tsufa."

"Taka sabuwa ta buɗe ne?"

Kowa ya sake dannawa, ya kuma sakewa. Daga baya Uwata ta gaya mini cewa kowace dannawa sabon mutum ce a layin, layin da tun farko ya fi ƙarfin rumbun. Waɗanda suka daɗe suna jira sai shafin ya kore su. Can wani wanzami ya yi ihu cewa tasa ta shiga, sai ga saƙonni suna biyo juna, kujeru da yawa duk da sunansa.

"Kai da aljanunka za ku tafi sallar?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Samari suka fara zare takalma daga ƙarƙashin tabarma suna gudu zuwa tasha, kowa na tsoron a riga shi. Sarkin tasha na tsaye a gaban liman da tasa wayar a hannu, zoben na juyawa. Wani ya ce, "Dama aikin mace..." Da ya gan ni ya haɗiye sauran.

Na hau okada zuwa gida. Na same ta a tsakar ɗaki, yaran sun rakuɓe a gefe ba su ko yi mini tsiya ba.

"Baba, me ya faru a can? Kamar an buɗe dam."

Na gaya mata abin da mai sanarwa ya ce.

"Duka? A lokaci ɗaya?"

"Haka muke shafawa, Uwata."

Ta ce, "Na je tasha, ban je masallaci ba."

Cikin 'yan kwanaki ta kwashe komai zuwa babban rumbun, ta warware kujerun da suka ninku, ta sa shafin ya daina karɓar dannawa biyu daga mutum ɗaya. Ta ce yanzu ko masallatai uku suka danna tare zai ɗauka. Ta roƙe ni in nemo mata dama ta biyu.

Na sami sarkin tasha a rumfarsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da kasuwa da ruwan sama. Da na kawo maganar sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, ba don kai ba da ban fara ba. A gaban liman aka yi abin nan. Yanzu ko na ce su danna, ba mai dannawa. Bari sallah ta wuce, ma gani."

Na san ma'anar ma gani. Ta bayan rumfar ina hango layin samari har bakin kwata, wasu sun rufe kai da leda.

Sallah ta wuce, ba wanda ya aiko. Ta jira har yara suka kusa komawa makaranta, sannan ta zo ta durƙusa a gabana bayan azahar. Ban bari ta wahala da neman kalmomi ba. Na ce ta je Abujar, marayu ne a hannunta, Allah ya yi mata albarka. Ta ce in biyo su. Na ce kabarin mahaifiyarta a nan yake, ni ma na tsufa da koyon sabon gari.

Ta bar shafin a buɗe bayan tafiyarta, ko wani zai tuna da shi. Wata safiya ina auna wa wata mata wake wayata ta yi ƙara.

"Baba, yau na rufe shi. Tun da na gyara ba wanda ya shiga."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri."

"Kana cin abinci kuwa?"

Na ce ina ci. Matar ta ƙwanƙwasa mudu da yatsa, ta ce in cika mata awo.