Koko da Ƙosai Ranar Hoton Ciki

A gidanmu ba a fita da yunwa. Haka na taso na ga mahaifina yana yi: ko gona za ka, ko kasuwar shanu ranar Juma'a, sai ka karya. Ni ma haka na riƙe iyalina.

Shekarar da ciwo ya matsa wa matata a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, likita ya ce a yi mata hoton ciki. Mai na'urar daga Kano yake zuwa wani asibiti a nan Wudil, kuma ba kullum ba. An gaya mana sarai: kada ta ci komai kafin ta zo.

Da safe na ga ta yafa mayafi, leɓɓanta a bushe.

"Haka za ki fita? Ki faɗi a hanya?"

"Malam, sun ce kada na ci."

"Su yau suka san ki. Ɗan koko ne zai makantar da na'ura?"

Na tsaya a kanta har ta shanye, na tura mata ƙosai.

Da yake mai hoton namiji ne, saurayi, na ce sai da ni za a shiga. Ya shafa mata wani mai a ciki, ya ɗora abin aunawar. Ni dai toka-toka nake gani a allon, sai wani siririn layi kore yana lanƙwasa yana miƙewa.

"Baba, ka ga layin nan? Kwamfuta ce take bin bangon tumbi duk inda ya motsa. Dubi yadda yake ta matsewa, niƙa yake yi." Ya juya wajenta. "Mama, wa ya ba ki karin kumallo?"

Ba ta dube ni ba. "Ɗana, mantuwa ce irin ta tsufa."

"Mantuwa har da abinci mai maiƙo, Mama? Matsarmamar da nake nema ta tsuke, iska ta rufe sauran. Sai dai wani zuwan."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na taya su.

Kafin mai hoton ya sake zuwa, ciwon ya kayar da ita a tsakar gida tana tankaɗe. A Kano aka gano tsakuwa ta toshe matsarmamar har ta kumbura, aka yi mata aikin gaggawa. Likitan ya ce da an gani tun farko, da abin bai kai haka ba. Ta tashi, amma ta daɗe a kwance, kuma ƙarfinta bai dawo kamar da ba.

Babbar 'yarmu ce ta yi jinyarta. Ina zaune a bakin gado na ji tana mata faɗa a hankali: "Inna, ke ma dai! An ce kada ki ci, kika ci."

Matata ta ce, "To, an yi an gama. Miƙo mini ruwa."

Na buɗe baki zan ce ni ne, sai na ji kaina ina tambayar ko an ba ta maganinta na rana.