Ƙwallon Ta Yi Gaba

A ƙauyen Hollin babu wanda bai san Wilf Ackroyd ba, alhali kuwa bai taɓa buga ragbi ba ko na rabin yini. Tun yana yaro ƙirjinsa ke shaƙewa, don haka da sa'o'insa suka fara sauka ramin kwal, shi sai aka ajiye shi a ɗakin fitilu, yana gogewa yana miƙa wa masu shiga. Da aka rufe ramin ya koma tuƙa motar biredi har tsufa ya sauke shi. Bai yi aure ba. Abin da Allah ya hore masa baki ne, sai ido wanda a faɗarsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, kuma duka biyun a kan ragbi ya ƙarar da su. Ragbin ma namu na 'yan kwal, na mutum goma sha uku. In aka sako na 'ya'yan masu kuɗi a talabijin, mai mutum goma sha biyar, tashi yake yi ya je ya ɗora ruwan shayi.

Abokin gardamarsa mijin yayarsa ne, Dennis Sugden, mutumin Birkthorpe da ke hayin rafi. Ƙato ne, hancinsa ya karye har ya gaji da karyewa. Shekarar da ta gabaci babban yajin aikin 'yan kwal, Hollin da Birkthorpe suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin ƙauyuka. Ana dab da tashi Hollin ke gaba. Sai wani ɗan Birkthorpe ya jefo wa Dennis ƙwallo, ya cafe, ya bi ta kan mutum biyu, ya faɗa bayan layi da ita a ƙirjinsa. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu alamar an ci, kofi ya haye rafi. To ko yaron goye a Hollin ya san ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba a ragbi, sai baya ko gefe. Wilf kuwa yana jingine da ƙarfen shinge daidai wurin da aka yi jifan. Ya rantse ta yi gaba, da taku guda cur.

Abin haushi, shekara ba ta zagayo ba sai ga Dennis ɗin nan a ƙofar gidansu, ya sha kwat da laktaye, ya zo zance wurin Jean, yayar Wilf. Wilf ne ya buɗe masa. Ko gaisuwa bai yi ba ya ce, "Ta yi gaba."

"Ƙarya kake, yaro," in ji Dennis. "Yayarka na ciki?"

Daga nan aka ɗora, aka kwashe sama da shekara arba'in ana yi. Kowace Lahadi, in an tashi daga kallon wasan rana, sai su zarce kulob ɗin 'yan kwal, su zauna a teburin da ke ƙarƙashin taga. Ba sa fara gardamar da zafi. Sai an zagi alƙalin wasan ranar, an yi tir da yaran yanzu da ba su san taɓo ba, sannan Wilf ya tattaro faya-fayan kwalin da ake ɗora kofin giya a kai. Faifai ɗaya mai jifa ne, ɗaya Dennis. Kwalbar gishiri ita ce Wilf a bakin shinge, ƙwayar gyaɗa kuma ƙwallo. Wilf ya ajiye faifan Dennis gaba da na mai jifa, Dennis ya sa yatsa ya ja shi baya, Wilf ya mayar. Haka za a yi ta yi, murya na hawa, har Dennis ya gaji ya ɗauke gyaɗar ya jefa a baki.

"Ka cinye shaida!" Wilf zai ce.

"Shaidar makaho? Kai da ke bayan shinge kana lasar yatsa da biredi mai nama, me ka gani?"

Gardamar giya ma ba su bar ta ba. Wata shekara Wilf ya bi motar 'yan yawon buɗe ido zuwa Sifen, ya dawo da ƙonannen wuya da son laga, farar giyar nan mai sanyi. Dennis kuwa bita yake sha, ja mai ɗaci irin ta iyayenmu, wadda ba ruwanta da firiji. Duk lokacin da sayen ya zagayo kansa sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce wa mai tsaron kanta, "Maxine, bita ɗaya, da kofi ɗaya na ruwan wanke-wanke wa ƙanin matata."

"Gara nawa," Wilf zai amsa. "Taka ai kamar mutum ya tsotsi ƙusa."

"Ita ce giya, yaro. Kai sanyi kawai kake sha, da iska. Ka sha har ka gaji, ribarka gyatsa."

Ta wurin sayen giyar aka fara gane abin. A wurinmu in ka zauna da mutum ya sayo, to na gaba kai ne, kuma babu mai manta wannan sai marowaci. Dennis kuwa ko maƙiyinsa bai taɓa kiran sa da rowa ba. Wata Lahadi kofuna suka ƙare, ya zauna yana kallon taga. Wilf ya yi masa tsiya, aka yi dariya, ya tashi ya je kanta, ya tsaya gaban Maxine ya rasa abin da ya kawo shi. Daga baya ya ɓata a hanyar gidansa. Likita ta ce wa Jean ciwon mantuwa ne, kuma ba za ta iya cire bugun da kansa ya sha a filin wasa daga cikin dalilan ciwon ba. A zamaninsu in ka suma, soso mai ruwan sanyi ake matsa maka a ƙeya, a tashe ka, a tambaye ka sunan garinku. In ka faɗa, ka koma wasa. Wilf yana cikin masu tafi duk sanda Dennis ya miƙe yana tangaɗi, ko da kuwa wa Birkthorpe yake bugawa.

Ciwon bai sa Dennis faɗa ba kamar yadda yake sa wasu. Ladabi ya sa shi. Duk abin da aka ce sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne." Wilf yakan jera faya-fayan, ya tura na Dennis gaba, ya zauna yana jiran yatsan nan mai kauri, yatsan ba ya zuwa. Sai Wilf ya koma gida ya zauna a kujera ko takalmi bai cire ba. Bai roƙi Allah ya mayar masa da Dennis ɗungurungum ba, ya san wannan ya wuce. So yake ya sake jin "ƙarya kake" daga bakinsa, ko da sau ɗaya ne.

Wata Asabar Jean ta kira shi kicin, ta rufe ƙofa. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Wilf, an samu gado a gidan kula da tsofaffin nan. Litinin za mu kai shi."

"Yaya..."

"Kada ka ce komai. Jiya ya kunna gas ya fita ya bar shi. Ba zan iya ba kuma, wallahi ƙarfina ya ƙare." Ta goge teburin da ba shi da datti. "Gobe ka kai shi kulob. Da yamma zan zo in ɗauke shi."

Ran Lahadi ana yayyafi. Wilf ya zaunar da Dennis a ƙarƙashin taga, ya je ya sayo bita da laga, ya ajiye. Yana juyawa ya rataye kwat ɗinsa, Dennis ya miƙa hannu ya ɗauki lagar, ya kurɓa, ya lashe leɓe.

"Kai, da daɗi. Na gode, malam."

Maxine ta ji, ta juya baya tana goge kofin da ta riga ta goge. Wilf ya jawo bitar gabansa ya sha, rabonsa da ita tun kafin Sifen. Ɗacin ƙusar yana nan, da ƙyar ta wuce masa maƙogwaro.

A teburin kusa samari sun kaure da musu a kan wasan ranar, an kori ɗan wasansu saboda ya kai hannu kan mutum. Mai surutun cikinsu, Kyle, ya waiwayo.

"Sun kashe wasan nan! Ka ɗan shafi kan mutum a ce fita. Ko ba haka ba, Baba Wilf? A zamaninku ai maza ake yi, a fasa maka kai ka tashi ka ci gaba."

Maganar Wilf ce, daga bakinsa Kyle ya koye ta. Wilf ya dubi Dennis, wanda ke ta fama da maɓallin rigarsa ya kasa gane ramin.

"Sha giyarka, Kyle," ya ce.

Ya tattaro faya-fayan. Tun a hanya ya yanke shawarar ba zai ja ba yau. Tunda musun ba zai samu ba, gara ya sallami mutumin da kyauta, ya bar masa cinsa ya tafi da shi. Ya ajiye mai jifa, ya ajiye kwalbar gishiri, ya ciro gyaɗa. Sai dai hannunsa ya riga ya saba, ya ɗora faifan Dennis inda yake ɗora shi kullum, gaba da taku guda, shi bai ma lura ba.

Ya ba da labarin yadda Dennis ke ba da shi a da: taɓo har idon sawu, mutane sun hau rufin rumfa, iska na kaɗowa daga rafi. "Wannan ya jefo, wannan ya cafe, ya bi ta kan mutum biyu. Jifa ne mai kyau, Dennis. Daidai yake, ba gaba ba. Na yarda."

Bai taɓa faɗin abin da ya yi masa nauyi a baki kamar wannan ba. Amma Dennis ba shi yake kallo ba. Ya sunkuya a kan tebur, gira ta haɗe, murmushin ladabin nan ya gushe. Yatsan ya taso, ya bi daga faifai zuwa faifai a hankali.

"A'a," ya ce. "Wannan ai ta yi gaba."

Kyle ya buga tebur. "Kun ji? Ya amsa da bakinsa! Baba Wilf ya ci!" Aka fashe da dariya, wasu har da tafi, sannan dariyar ta mutu da kanta da aka ga fuskar Wilf.

Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema ke nan, ga shi an miƙo masa, sai ya ji kamar an mare shi. Dennis bai san kansa yake kayarwa ba. Bai san faifan nan shi ne ba, yana saurayi, taɓo a fuska, ranar da ta fi kowace rana a rayuwarsa. Idon ɗan wasa ne kawai ya rage, ya ga jifa ya yanke hukunci. Wilf ya sa yatsa ya ja faifan baya.

"Ba ta yi gaba ba."

Dennis ya tura shi gaba. "Malam, ka san ragbi kuwa? Makaho ma ya ga wannan. Wane alƙali ne ya ba da ita?"

"Daidai take! Ina wurin, a kan idona aka yi!"

"Kana wurin kana me?"

"Na ce maka yaron ya ci, cin halal, babu mai ƙwace masa!"

Dennis ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa da tsohon kallon nan na raini, wanda Wilf ya ɗauka ba zai sake gani ba.

"Ƙarya kake, yaro."

Wilf ya ja faifan, Dennis ya tura, ya ja, ya tura. Kulob ya yi tsit, tsofaffi biyu ne kawai ke jayayya, kowa ya riƙe gefen ɗan'uwansa. Can Dennis ya gaji, ya ɗauki gyaɗar ya jefa a baki.

"Ka cinye shaida," in ji Wilf, hawaye na bin kumatunsa, bai damu da ya share ba.

A haka Jean ta same su. Suka kama Dennis suka sa shi a mota, ta sunkuya tana ɗaura masa bel. Ya nuna Wilf da haɓa.

"Jean, mutumin nan bai san komai a ragbi ba. Ki dawo da ni Lahadi mai zuwa, ban gama da shi ba."

Jean ta dubi ƙaninta ta saman motar.

"Ina nan ina jiran ka," in ji Wilf.

Ya tsaya cikin yayyafi har motar ta sha kwana, sannan ya koma ciki. Maxine ta zo kwashe kofuna, ta kai hannu kan faya-fayan, ya ce ta bar su. Na Dennis yana nan inda ya tura shi, gaba da taku guda. Wilf ya zauna, ya sa yatsa ya ja shi baya.

Har yau yana zuwa kowace Lahadi, yana sayen bita ya zauna ƙarƙashin taga. A duk faɗin Hollin shi kaɗai ne ke cewa jifan nan daidai yake, kuma in ka ce masa ta yi gaba, to ka shirya faɗa.