Igiyar da Kawu ya yanke

Jiya a kasuwar Sanyuanli, can ƙasar waje inda nake saro kaya, wani mai shago ya zube mini samfurin ƙugiyoyin kamun kifi masu gashin roba. Ina taɓa su gabana ya faɗi. Haka marigayi Kawuna yake ɗaure gashin zabo a ƙugiya, ya wurga kan ruwa, kifi ya ɗauka ƙwaro ne.

Sau ɗaya na bi shi a kwalekwale, can sama da Yawuri inda babu gari. Ya hana ni naɗe igiya a hannu. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, ba na son abin da na kama ya kuɓuce, sai na naɗe ta sau uku.

Da hantsi giwan ruwa ya haɗiye ƙugiyar, ya fizge mu. Igiya ta nutse cikin namana, kwalekwalen ya karkace yana shan ruwa. Gabanmu kuma dorina ce da ɗanta, har hucinta nake ji. Ga shi ban iya ruwa ba.

"Kawu, ta ƙi kwancewa."

"Da ma ba za ta kwance ba, ɗan birni. Miƙo hannun."

Wuƙarsa ta wuce dab da jijiyata ta yanke igiyar, kifin ya tafi. Ya riƙa tuƙi da baya a hankali har muka yi nisa.

"Gobe ma akwai kifi a kogin nan," in ji shi. "Ɗan ƙanwata kuwa ɗaya ne."



Allah ya tsallakar da shi siraɗi lafiya, yadda ya tsallakar da ni.