Sunan da Inna Rahamatu Ba Ta Faɗa

Kafin rana ta leƙo unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda, Inna Rahamatu ta gama dama kunun tsamiya. Sai ta juye a garwa, ta naɗe tabarmarta, ta nufi masaukin alhazai na bakin teku, inda jiragen ruwa daga Sudan ke sauke mutanenmu. Haka take yi duk lokacin aikin hajji tun farkon shekarun hamsin, har zuwa bana, 1974, da gwiwa ta ce ta gaji. Kunun na sayarwa ne. Abin da ya sa muke mata jinjina kuwa kyauta take ba da shi: tarihin Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Hausa zalla, ga matan da suka sauko jiri na ɗibarsu, ko ruwan sha ba su iya roƙa da Larabci ba.

Waɗanda suka gani sun shaida. Wata tsohuwa daga Damagaram ta sauko jiki na ɓari, ta rantse ba za ta ƙara hawa ruwa ba ko da za a bar ta a nan ta mutu. Inna ta kama hannunta, ta nuna mata tekun.

"Hajiya, wannan ruwan da kike tsoro, Nana Ruƙayya 'yar Ma'aiki ta tsallake shi da mijinta Usmanu, lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmin farko. Ina suka gudu? Ɓangarenmu, ƙasar Habasha. Mu muka fara ba su masauki. Ke ramuwar ziyara kika zo."

Tsohuwa ta gyara ɗaurin zani, ta ce a ƙara mata kunu.

Ke ce, Inna, mai sanyaya baƙo. Ke ce kike ba da labarin rasuwar Nana Amina a Abwa, ɗanta yana ɗan shekara shida, har wani mai shayi ɗan Yaman da ba ya jin Hausa ya shagala butarsa ta ƙone. Ke ce kike kai mata kogon Hira tun ba su ga dutsen ba.

To, kowa na murna da Inna ban da mutum ɗaya, mai ɗaukar mata garwa tana cika tana batsewa. 'Yarta ta fari ke nan, haifaffiyar Jidda. Sunanta na yanka Faɗimatu, amma Zakiya ake kiranta tun tana goye. Kishi ke cinta, kishi na gaske, kuma wa zai ga laifinta? Ta taso tana jin maƙwabciyarsu Balarabiya tana ƙwala wa 'yarta kira, "Ya galbi, ya ruhi," wato zuciyata, raina, tana sumbatarta a bakin ƙofa kowa na kallo. Ita kuwa abin da take samu daga uwarta shi ne "ke". Ke, ɗauko ludayi. Ke, rufe garwar. Amma bari jirgi ya sauke wata da Inna ba ta taɓa gani ba, kafin la'asar ta haddace sunanta, tana shafa mata baya, tana ce mata 'yata.

Inda ya fi yi wa Zakiya ciwo shi ne wajen 'ya'yan Ma'aiki mata. Inna za ta jero su tiryan-tiryan: Zainabu, Ruƙayya, Ummu Kulsum. Sai ta ɗan tsaya, ta ce, "Sai autar, uwar Hasan da Husaini." Shi ke nan, ta wuce. Tsofaffi su waiwayo su dubi Zakiya suna murmushi, ita kuma ta ɗauka dariya ake mata. An sha gaya mata kunyar 'yar fari ce, al'adar gida. Ta ce kunyar me, a Jidda?

"Wallahi ya Saleh, ba ta sona," in ji ta ga mijinta. "Sunan 'yar Annabi fa! Don kawai nawa ne, ya gagari bakinta."

Saleh, shi ma ɗan nan ne, bai taɓa ganin Kano ba. Ya ce, "Yalla, tashi mu koma unguwar Sharafiyya ki huta." Suka tsayar da magana sai bayan hajji. Da matan unguwa suka roƙe ta ta gaji tabarmar, tunda babu labarin da ba ta haddace ba, ta murguɗa baki. "Halas, magana ta ƙare. Ta ba 'ya'yanta na jirgi." Muka tabbata tabarmar nan naɗe ta za a yi har abada.

Ranar zaman ƙarshe, bayan la'asar, wata Bakanuwa mai suna Goggo Dela, shekaranjiya ta sauka, ta tare Zakiya a bakin famfo.

"Ke ce Faɗimatun Inna?"

Zakiya ta yi turus. "Wa ya gaya miki sunana?"

"Oh ni Dela! Wa bai sani ba? Yayata ta zo nan shekarun baya. Duk wadda ta koma gida ta ba da labarin Inna, cewa take, mai tsallake sunan auta saboda tana da tata. Har saƙon gaisuwa aka ba ni gare ki. Yarinya, sunan baƙi ai ba ya mata nauyi. Naki ne ya fi ƙarfin harshenta."

Zakiya ta sunkuci garwa ta shige masaukin, don ita ba gaisuwar Kano take nema ba. Ta tarar Inna na tsakiyar labari, murya ta dusashe: yadda idan autar ta shigo, Ma'aiki yakan miƙe tsaye, ya kama hannunta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Zakiya ta dire garwa har kunu ya fantsama.

"Shi ai ya tashi wa tasa," ta ce, a gaban kowa.

Inna, wadda sai mata biyu sun kama ta take miƙewa, ta ture hannun da aka miƙo mata. Ta dafa bango. Gwiwa ta yi ƙara, gumi ya keto, amma ta tashi. Ta kama hannun Zakiya, ta ja ta, ta zaunar a kan tabarmar. Ba ta dube ta ba, matan ta duba.

"Ga mai sunan nan. Ita za ta ƙarasa muku."

Da Zakiya ta fara, daga farko ta ɗauko, da Hausarta mai gauraye da Larabci. Zainabu, Ruƙayya, Ummu Kulsum. Sannan ta ce, "Sai Faɗimatu." Ran nan aka fara jin sunan a kan tabarmar. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, daga ciki muka ji ta ce, "Haka ne."

Inna Rahamatu, mun gode. Allah ya saka miki da maƙwabtakar wanda kika ƙarar da muryarki kina ba da labarinsa. Ku kuma matan unguwannin Hindawiyya da Ammariyya, in jirgi ya sauke baƙuwa, ku je ku kama hannunta yadda Inna ta koya mana, in kun dawo kuma ku waiwayi mai ɗaukar muku garwa.

Saleh dai ya kwance kayan da ya ɗaure. Kishin bai tafi duka ba, don jiya ma an ji Zakiya tana mitar Inna ta fi cika wa Goggo Dela kwano. Har yau kuma "ke" Inna take ce mata. Sai dai yanzu da gudu take amsawa.