Faifan Bakin Salansa

Direban tasi yana zaune a kan tsohuwar taya yana jiran layi, amma idonsa na kan bakaniken da ke gyaran motar wata dattijuwa. Siriri ne, da tabon ƙuna a wuyan hannu, ba ya kallon mutum ido da ido. Ya tofa yawu a kan inji ya ga ya huce, sannan ya zura sifana yana kwance faifan ƙarfen da ke rufe bakin salansa don kare wayoyi daga zafi. Notin ƙarshe ya yi tsatsa. Bai lallaɓa shi ba, karya shi ya yi.

"Ba za ka mayar ba?" in ji dattijuwar mai motar.

"Haba Mama, ado ne kawai. Shi ke miki ƙara."

Mai irin wannan tabon ƙuna, wanda ya san zafin inji, shi ne zai ce ado? Direban ya ga ya tura faifan da ƙafa ƙarƙashin benci. Ya leƙa, sai ga ire-irensa jibge, an ɗaure su tamau da waya. Shara ai ba a yi mata wannan ɗauri, sai kayan sayarwa.

Bakaniken ya juyo. "Malam, me ke damun taka?"

Direban ya damƙe makullinsa. "Ai ƙarar ta daina da kanta."