Tasar Kawu Illa da Askar Tanko

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar kawuna Illa, ma'aikacin jinyar da mutanen Madarumfa suke kira Majo. Har yau in na tuna shi, tasarsa nake fara gani kafin fuskarsa. Ranar da aka sauke ni a ƙofarsa bayan rasuwar mahaifiyata, da ƙullin kayana a ka, na tarar da wata doguwar tasa mai murfi tana tafasa a kan resho. Ina jin yunwa, na yi ta shaƙar iska ko zan ji ƙanshin miya. Ba ƙanshin komai. Da ya ɗaga murfin na leƙa, sai ga allurai da almakashi kwance cikin ruwa kamar ƙananan kifin tafki.

Gidan likitan ɗaki biyu ne, mu muna zaune a bayansa. Kawu ya sa ni lakwal, wato makarantar boko. Ni yarinya ce da ba ta magana, har mushe, malaminmu, ya taɓa tambaya ko kurma ce ni. In aka tashe mu, sai in rakuɓe a bakin ƙofa in yi ta kallo. Allura a zamanin nan ba a yar da ita. Kawu yakan wasa bakinta a dutse, ya zura siririyar waya ya share cikinta, ya wanke kwalbarta ta gilashi, sannan duka su shiga tasa. In sun dahu, da hantsaki yake tsamo su, hannu ba ya taɓawa. Manomi ya taso tun daga garin Sarkin Yamma, ciyawa na cin geronsa, amma sai ya jira ruwa ya tafasa. Ana gunaguni a waje, shi yana tsaye yana kallon tururi.

Aboki ɗaya na san yana da shi, Tanko wanzami. Gidan su Tanko ke yi wa gidanmu aski da tsaga tun kaka da kakanni. Kullum bayan la'asar sukan zauna a gindin tsamiya su yi dara, su raba goro ɗaya.

"Majo, yau ma miyar ƙarfe za ka ba mu?" in ji Tanko.

"Kai da kake yanka mutane su yi maka godiya, mi za ka ce?"

Sai su yi ta dariya. A nan kaɗai nake ganin haƙoran Kawu.

Matarsa, Inna Hajo, ta haihu sau biyu kafin zuwana, duka yaran ba su yi arba'in ba. Bayan suna da 'yan kwanaki sai muƙamuƙi ya sarƙe, yaro ya kasa kama nono, jiki ya sandare. Kawu bai taɓa cewa askar Tanko ce ba, don shi ma ba shi da tabbas. Amma ya ga abin da ni ma na gani: aska ta gama tsagar ƙaho a bayan wani, a goge ta a gefen riga, a mai da ta zabira, gobe ta fito a kan jariri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ranar suna wanzami tsaga bangon yake yi, a cire beli, a yi shasshawa.

Da Inna Hajo ta sake haihuwar namiji, kwana bakwai Kawu bai ci abincin kirki ba. Ran suna da sassafe aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro Sani. Tanko ya shimfiɗa zabirarsa a tsakar gida. Ina riƙe da ƙwaryar ruwan aski, na ga Kawu ya fito da tasarsa tana tururi ya ajiye a gabansa.

"Tanko, sa su a nan tukuna."

Tanko ya yi dariya, yana zaton wasan gindin tsamiya ne. Da ya ga Kawu bai yi ba, sai ya dubi mazan da ke wurin.

"Illa," ya ce, kuma ban taɓa jin ya kira sunansa ba sai ranar, "tsagar da ke fuskarka da wannan askar ubana ya yi ta. Yau ita ce ƙazanta?"

"Biyu na binne," in ji Kawu.

"Ni na kashe su ke nan."

Ya naɗe zabirarsa a hankali, ya ɗaure, ya fita. Maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, fura ta kwana a ƙwarya. Kawu ya dafa tasa askar, ya aske ɗansa da kansa. Hannun da ya ƙware a kan allura bai saba da aska ba, har ya bar gashi tsibi-tsibi a bayan kunne. Ba a cire beli ba, ba a yi tsaga ba. Da aka yanka rago ya aike ni da rabon wanzami. Matar Tanko ta karɓa ta shiga, ta dawo ta miƙo mini. Haka na komo da shi, ƙuda na bi na.

Na daɗe ina juya wannan safiya. Gaskiya na wajen Kawu, amma da ya je gidan Tanko tun jajibiri, su biyu kaɗai, wataƙila da aska ta shiga tasa ba wanda ya sani. Ina jin kunyar abokinsa ce ta hana shi, ya yi ta ɗagawa har magana ta faɗo a gaban mutane. An ce zumunta a ƙafa take. Ƙafar Tanko ba ta sake zuwa tsamiya ba. Mutane ba su daina zuwa allura ba, zama ne suka daina. Kawu bai fasa shimfiɗa tabarma bayan la'asar ba. Yakan ɓare goro, ya ci rabi, ya mai da rabi aljihu. Ni ce na lura da ramukan dara suna cikewa da ƙasa.

Sani ya rayu, yau jikoki gare shi. Ko tasa ce, ko kwanansa ne ba su ƙare ba, Allah ne masani. Kawu kuwa ya rasu cikin wata damina, bayan gajeruwar jinya, Sani bai daɗe da iya gudu ba. Tanko ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya taɓa makara, ya tafi.

Nakan ce, da Kawu zai leƙo yau, me zai gani? Allura tana zuwa a leda, a yi sau ɗaya a yar. Wanzamai da yawa sun koma sabuwar reza ga kowane kai, ba wanda ya ɗauki abin zagi. Zai yi murna. Amma zai ga yara suna tsintar allurai a bola suna fesa wa juna ruwa, ya ga mai tallan magani a hanyar Ɗan Issa yana yi wa mutum allura a tsaye, ina jin zai koma ya kunna reshonsa. Tasar an mai da ta ofis bayan rasuwarsa. Tsamiyar an sare. Ba ɗakin da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya bari shi ne jira, wannan ɗan lokacin da mutum ke tsayawa kafin ƙarfe ya taɓa jikin wani.

Da na haifi ɗiyata ta fari, Tanko ne ya zo, ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa. Ban bari sai safiyar suna ba. Ran jajibiri da ya shigo barka, na roƙi mata su ba mu wuri. Na tura ƙaramar tukunya ta ƙarƙashin labule, na ce:

"Baba Tanko, don Allah, don Majo, gobe ka zo da askarka dafaffiya."