Turawan Bangon Kawu Isiyaku

Ranar da na fara shiga shagon Kawu Isiyaku a Al Sabkha, wata unguwar 'yan kasuwa a ƙasar Larabawa, bangon ne ya ɗauke min hankali. Ya lulluɓe shi da zanen barkwanci na tsofaffin mujallun Turawa: mata da huluna kamar faifai, maza da gashin baki kamar ƙahon rago. A kwalin tangaran ya tsince su, an naɗe kofuna da su. Ya sayar da kofunan, ya bi takardun da dutsen guga!

Kun san Kawu ba ya jin Turanci, kuma bai yarda a fassara masa ba. Wani abokin cinikinsa ya taɓa gwadawa.

"Alhaji, rubutun ƙasan cewa ya yi..."

"Khalas, ya isa! Ka san su ne? Ni da su nake wuni."

Duk ya raɗa musu suna. Mai doguwar hula Alhaji Bature, matarsa Hajiya Tabawa. Wani Balarabe ya taya hoton Hajiya ita kaɗai, Kawu ya dafe ƙirji: "Habibi, ka raba mata da miji? Ji tsoron Allah!"

Ni kuwa littattafan soyayya sun gama da ni. Na zata miji zama zai yi yana kallon idona har tuwo ya huce. Nawa, Bashir, waya yake kallo. Ina amarya na ja akwatina daga unguwarmu ta International City, na faɗa shagon ina kuka.

"Kawu, a yankar min tikiti. Kano zan koma."

Ya ɓamɓaro zane ɗaya. Alhaji Bature ya ɓuya bayan jarida, Hajiya Tabawa na tsiyaya shayi a hular da ya ajiye.

"Kin gani, 'yar nan? Cutar tsohuwa ce. Jaridar ce ta ƙanƙance ta koma waya. Ita Hajiya tikiti ta yanka?"

"A'a, Kawu."

"To yalla, tashi ki koma. Babu shayi ne a gidanki?"

Wallahi na koma gida na aikata, a hular Bashir ta Juma'a! Ya kifa ta a ka yana latsa waya. Ya ɗago, shayi na bin gemunsa, ya yi min kallon da tun ɗaurin aure nake jira. Muka yi ta dariya har muka zube ƙasa.

Kawu ya rasu shekarar korona, bai ga ɗanmu ba. Bashir ne ya dage a sa masa Isiyaku.

Ya Allah, bawanka ya tallafe gidana da dariya. Ka yalwata masa kabari, Ka tashe shi yana murmushi. Amin.